Yadda nake zuwa Tabalak kan keke daga Tawa

Ka bari sai sanyi ya shigo, tsakanin Nuwamba da Janairu. A watan Afrilu ko jaki neman inuwa yake.

Ni da na idar da sallar asuba nake fita, in kama titin Agadas. Tafiyar kamar kilomita 50 ce, amma iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, wato a fuska za ka sha ta. Kada ka yi gardama da ita, taka a hankali. Da dawowa ita za ta tura ka har gida.

Ɗaure ruwa lita 5 a bayan keke, da dabino da ƙuliƙuli. Faci, gam da famfo kuwa dole ne. Ranar da na ratse gindin wata aduwa don in huta, ƙaya biyu na ciro daga tayar baya. Tun daga nan ɗaukar keken nake in na bar kwalta. In ka jiyo babbar mota, sauka gefe.

Riƙe katin shaidarka saboda shingen jami'an tsaro, ka tambayi direbobin tasha lafiyar hanya tun jajibiri. Da ka hango tafkin Tabalak, nemi masu soya kifi kafin azahar.