Kurakuran da muke tafkawa wajen yi wa mota inshora a Kano

Daminar bara, a cunkoson Kabuga, ƙanin matata ya taɓa bayan wata mota. Bamba ta tsage, fitila ɗaya ta fashe. Mai motar dattijo ne, bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi: "Yaro, kana da inshora?" Nan take ya zaro takarda daga cikin leda, da tambarinta da sa hannunta. Dattijon ya danna lambar motar a wayarsa, ya juyo masa da ita: babu motar a rajista ko kaɗan. Ashe wanda ya ba wa kuɗin sabunta takardu a bakin wani ofishi, buga masa ita kawai ya yi a shagon kwamfuta. Daga aljihunsa ya sayi bamba da fitila a Ƙofar Ruwa, ya kuma biya mai fenti.

Yawancinmu haka muka ɗauki inshora: takardar da ake miƙa wa ɗan sanda ko jami'in KAROTA a wuce. Wanda ya ɗauke ta haka kuwa, mai araha zai nema, ba zai tambayi sunan kamfani ba. Gyaran wannan bai kai minti biyu ba. Ka danna *565*11# a wayarka, ko ka shiga askniid.org, ka sa lambar motarka. Rumbun bayanai ne na ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya, duk inshorar gaske tana ciki. Farashin ma shaida ne. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta mayar da kuɗin inshorar ɓangare na uku (wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna) ta motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara. Duk wanda ya ce zai yi maka a dubu huɗu, ka san me zai kawo maka. Daga 1 ga Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka fara matsa binciken ta a faɗin ƙasa.

Kuskure na biyu shi ne rashin sanin wanda inshorar take karewa. Ta ɓangare na uku, wadda doka ta wajabta, ba ta gyara motarka ko da ƙusa ɗaya. Aikinta ta biya mutumin da ka yi wa ɓarna: dukiyarsa har zuwa naira miliyan 3 idan motar gida ce, da kuma rauni ko rasa rai. Sai ka ga mutum ya daki ƙarfen gadar Ƙofar Nassarawa shi kaɗai, ya tafi kamfani yana neman diyya, an ce babu, ya dawo majalisa yana cewa inshora damfara ce. Abin da ya saya ne bai sani ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne masu ta gasken ma ba sa amfani da ita. An yi karo, jama'a sun taru, ana ta "a yi haƙuri, tsautsayi ne, Allah ya kiyaye gaba." Wani mai furfura ya shiga tsakani, a yanka wa mai laifi dubu ɗari biyu, ya je ya ranto. Sulhu abu ne mai kyau, ban ce a bar shi ba. Amma ka biya dubu goma sha biyar ɗin nan ne domin ranar irin wannan. Ka gaishe da mutumin, ka tambayi lafiyarsa, ka ɗauki hoton motocin biyu kafin a janye su, ku karɓi lambobin juna, sannan ka kira kamfaninka. Kada ka rubuta wa kowa takardar ɗaukar alhaki ko alkawarin biya kafin kamfanin ya ji, domin yawancin yarjejeniyoyin sun hana haka.

Yanzu ga cikakkiyar inshora, wadda ke ɗaukar motarka ita ma: haɗari, gobara da sata. A nan ne wayo yake cin mai shi. Ƙa'idar NAICOM ita ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar. Motar miliyan 10 ke nan naira 500,000 a shekara. Sai Alhaji ya ce wa wakilin kamfani: "Rubuta miliyan 6 mana, ai ba sabuwa ba ce." Ya biya 300,000, ya tafi yana murna ya tsira da dubu ɗari biyu. Ranar da aka sace motar, miliyan 6 ce iyakar abin da zai gani, kuma ba za ta sayo masa irinta ba. Ko gyara ne ma, kamfani yana iya cewa tunda kashi shida cikin goma na darajar ka yi wa inshora, kashi shida cikin goma na kuɗin gyaran zai biya. Wasu kuma ba da gangan suke yi ba. Darajar da aka rubuta shekara uku da suka wuce ita ake ta sabuntawa, alhali tun faɗuwar naira a 2023 kuɗin mota 'yar Kwatano ya yi tashin gwauron zabi. Kafin kowace sabuntawa, ka leƙa wajen dillalan mota ka ji nawa irin taka take a yau, ka sa a gyara adadin.

Ba kuma kowace mota ce ta cancanci cikakkiya ba, a ganina. Tsohuwar Golf da ake kai yara makaranta da ita, wadda kayan gyaranta ke zube a kasuwa, ta ɓangare na uku ta gaske ta wadatar, ko a ƙara mata gobara da sata. Motar da ka san in ta tafi ba ka da halin maye gurbinta, ita ce ake kashe wa kuɗi.

Sai ƙananan rubutun da ba ma karantawa. Tambaya uku za ka yi kafin ka biya, kuma a nuna maka amsar a rubuce. Ambaliya tana ciki? Wanda ya taɓa ganin yadda ruwan Agusta ke cika titunan garin nan har ya shiga inji ya san dalilin tambayar, kuma sau da yawa sai an ƙara kuɗi ake sa ta. Tarzoma da zanga-zanga fa? Ita ma yawanci daban ake sayenta. Sannan nawa ne kason da kai za ka fara biya a kowane gyara kafin kamfani ya ɗora? In kason ya fi kuɗin madubin gefe, to madubin gefe naka ne.

Akwai abu biyu da ke rushe inshora ko ta gaske ce. Na farko, ka yi wa mota inshorar motar gida, da yamma kana ɗaukar fasinja ko kana jigilar kaya daga Kantin Kwari don kuɗi. Motar haya tsarinta daban, kuɗinta daban. Ko adaidaita sahu, kuɗin ta ɓangare na uku nata daban ne, naira 5,000. Na biyun, miƙa mukulli ga ɗanka ko yaron shago da ba shi da lasisin tuƙi, ko nasa ya ƙare. In aka yi haɗari a hannunsa, kamfani zai nemi ganin lasisin tun kafin ya kalli motar.

Wasu kuma jabun suke karɓa da saninsu, wai suna gudun shubuhar riba da caca. Ban ga yadda takardar ƙarya ta fi tsarki ba. Akwai takaful, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya a taimaki wanda tsautsayi ya faɗa wa, ƙarƙashin kulawar kwamitin malamai, in an samu rara kuma a raba. Kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da Salam Takaful suna da lasisin NAICOM, takardarsu kuma karɓaɓɓiya ce a hanya.

Kuskure na ƙarshe shi ne gaggawar kai mota gareji. Mutum ya ga motarsa a lotse, zuciya ba ta jurewa, washegari tana wajen mai bugun bodi, an buge an shafe, sannan ya kai wa kamfani rasit. Kamfani kuwa sai ya turo mai duba ɓarna ya gani da idonsa, ya amince da kiyasin makaniki, kafin a taɓa ta. Ka sanar da su a ranar, ka samo rahoton 'yan sanda in da rauni ko sata, ka ajiye lambar sashen biyan diyya a wayarka da kuma ta duk wanda ke tuƙa motar.