Yadda za ka jefa ƙuri'arka a zaɓen jiha da na ƙaramar hukuma ba tare da ta lalace ba

Jama'ar Bauchi, abin da ke damuna shi ne ranar zaɓen shugaban ƙasa kowa ya fito har da tsofaffi da sanda, amma da an zo na ɗan majalisar jiha ko ciyaman da kansila sai ka ga rumfa wayam, matasa na majalisa suna shan shayi wai ai an riga an rubuta sakamako. Alhali firamaren unguwarku da ƙaramin asibiti da kwalbatin da ke cika duk damina, waɗannan mutanen ne ke da alhakinsu. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kujerar ciyaman ta wuce abin da za a bar wa 'yan tsiraru su zaɓa mana.

Da farko ka san wa ke shirya wane. Zaɓen gwamna da na 'yan majalisar dokokin jiha su 31 INEC ce ke yi. Na ciyamomi 20 da kansiloli kuma hukumar zaɓe ta jiha ce, BASIEC, ita ke sa ranarta, amma rajistar INEC ɗin dai ake amfani da ita, don haka kati ɗaya ne.

To katin nan shi ne komai. In ka kai shekara 18 ka je ofishin INEC na ƙaramar hukumarku lokacin da aka buɗe rajista, kuma kar ka jira sai an kusa, ana rufewa watanni kafin zaɓe. Wanda ya taɓa yi kar ya sake, rajista biyu laifi ne, in kati ya ɓata ko ya karye sauyi za ka nema. In ka tashi daga Azare ka dawo Yelwa ko Wunti da zama ka nemi a maido maka akwatinka kusa, domin ranar zaɓe ana hana zirga-zirgar ababen hawa, kuma ba ka da damar yin zaɓe sai a rumfar da sunanka yake. Sannan ka koma ka karɓi katin da kanka, ƴar takardar da aka ba ka ranar rajista ba ta zaɓe.

Ran zaɓe ka yi sammako. A zaɓukan INEC ana buɗe rumfa 8:30 na safe a rufe layi 2:30 na rana, duk wanda ke kan layi kafin lokacin sai ya jefa ko da za a kai magariba, kar wani ya ce maka lokaci ya ƙure ka juya. Masu juna biyu da tsofaffi da masu buƙata ta musamman ana ba su gaba, don Allah a daina yi musu gunaguni. A zaɓen INEC malamin zaɓe zai tantance ka da na'urar BVAS, da yatsa ko da fuska, wato iyayenmu mata da lalle ko aikin gona ya cinye musu zanen yatsa ba su da matsala, fuska ta wadatar.

Nan ne inda ƙuri'u ke mutuwa a banza, wajen dangwale. Ka duba bayan takardar ka ga an buga hatimi an sa hannu. Ka nemi alamar jam'iyyar da kake so tun kafin ka taɓa tawada, ka dangwala sau ɗaya a cikin gurbin da ke gefenta, kar ya haura layi zuwa na maƙwabciya. Ka ɗan jira ta sha iska, sannan ka naɗe takardar a tsaye yadda tawadar ba za ta shafi wata jam'iyyar ba. In takardu biyu aka ba ka, na gwamna da na ɗan majalisa, kowacce da akwatinta, kuma ba dole ba ne ka yi sak, kana iya zaɓar mutum a nan ka zaɓi na wata jam'iyya a can. Ba a shiga wurin dangwale da waya, masu cewa ka ɗauko hoto su ba ka taliya ko dubu biyu laifi suke jefa ka ciki, mai saye da mai sayarwa duk doka ta hau kansu.

Ka jefa? To kar ka tafi gida tukuna. A kasa, a tsare, a raka, wannan maganar har yanzu tana aiki. Ka koma gefe cikin natsuwa a ƙirga a gabanka da babbar murya, a rubuta a fom ɗin sakamako, wanda INEC ke kira EC8A, ejan-ejan na jam'iyyu su sa hannu su karɓi kwafi, a manna sakamako a bango, a nan kam ɗauki hotonka. In ƙuri'un da aka jefa suka fi yawan waɗanda na'ura ta tantance soke akwatin ake yi gaba ɗaya, shi ya sa duk wanda ka ga yana neman cusa ƙuri'a ko ya kawo 'yan sara-suka a tada hayaniya, ƙuri'arka yake ƙonawa, ko da ɗan jam'iyyarku ne. A sanar da jami'an tsaro, kar a biye musu.

Masu cewa ƙuri'a ɗaya ba ta komai su tuna 2019, da aka ce zaɓen gwamnanmu bai kammala ba, aka yi ta dambarwa kan sakamakon Tafawa Ɓalewa, aka sake zaɓe a wasu rumfuna, ƙarshe Bala Mohammed ya kada M.A. Abubakar da tazarar ƙuri'u 14,000 da 'yan kai a jiha mai miliyoyin mutane. Na kansila kuwa gunduma ɗaya ce kawai, layinku kaɗai in ya fito zai iya juya ta. Tun jajibiri ka tambayi Hajiya da matan gida ko katinsu na hannu, ka san rumfar kowa, ka ɗauki ruwa da lema.