Abin da za a yi idan kwamfuta ta kasa gano faifan da take tashi da shi

Idan aka kunna kwamfuta, maimakon Windows ta buɗe sai ga baƙin allo ɗauke da rubutun "No bootable device" ko "Boot device not found", wanda kwamfutocin HP kan haɗa da lambar 3F0, to abin da take nufi shi ne ta nemi faifan ajiyar da za ta tashi da shi ba ta same shi ba. Wannan saƙon ba hujja ba ce cewa takardu da hotunan da ke ciki sun salwanta, don haka kada a yarda da shawarar yin fomatin, wato goge duk abin da ke kan faifan, kafin bincike, domin sau da yawa fomatin ɗin ne ke hallaka abin da matsalar ba ta taɓa ba.

Da farko a zare duk abin da aka soka mata, kamar filashi da katin memori da faifan waje, sannan a sake kunnawa, saboda takan yi ƙoƙarin tashi daga filashin da babu manhaja a kansa.

Idan hakan bai yi ba, sai a shiga BIOS, wato shafin saitin da ke zuwa kafin Windows, ta hanyar danna maɓalli akai-akai da zarar an kunna: F10 a HP, F2 a Dell da Acer, F1 a ThinkPad, Del kuma a yawancin kwamfutocin tebur. Abu guda ake son tabbatarwa a nan, kuma a kansa sauran aikin ya rataya, wato ko sunan faifan ya bayyana a jerin na'urori ko bai bayyana ba.

In ya bayyana, akwai kyakkyawan zaton cewa saiti ne ya goce. A duba jerin abin da take fara tashi da shi, a mayar da "Windows Boot Manager" ko sunan faifan zuwa sama. A kuma duba ko kwamfutar tana kan UEFI ne ko Legacy, wato sabon tsarin tashi ko tsohon, domin Windows da aka ɗora a tsarin ɗaya ba ta tashi a ɗayan, kuma Windows 11 da UEFI aka tsara ta yi aiki. A riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, ana rubuta yadda aka same shi. Yana da kyau a kalli kwanan watan da BIOS ke nunawa, domin idan ya koma shekarun baya, alama ce cewa ƙaramin batirin da ke riƙe saiti ya mutu. A kwamfutocin tebur galibi CR2032 ne mai ƙarfin wuta bolt 3, kuma wannan matsala ta fi yawa a tsofaffin kwamfutocin da suka daɗe a ajiye. Muddin ba a canza shi ba, saitin zai iya sake gocewa duk lokacin da aka raba ta da wuta. Wanda faifansa ke kulle da BitLocker, wato tsarin Windows na kulle bayanan faifai, ya tanadi lambar buɗewa mai alƙaluma 48 tukuna, wadda galibi tana cikin asusunsa na Microsoft, saboda taɓa BIOS kan sa a nemi ta.

In kuwa faifan bai bayyana ba, sai a kashe kwamfutar, a cire ta daga wuta, a cire batir idan mai ciruwa ne, sannan a buɗe. A ta tebur a zare wayoyi biyun da ke jikin faifan, ta wuta da ta SATA mai ɗaukar bayanai, a mayar su zauna daram. A laftof a ciro faifan a mayar da shi mazauninsa, kasancewar faɗuwa ko jijjigar tafiya kan sassauta shi. Amma idan ana jin faifan yana ƙas-ƙas yana maimaitawa, a kashe nan take a kai wa masu ceto bayanai, domin kowace kunnawa ƙara ɓarna take yi.

Saura yanayin da faifai ke nan, saiti daidai, amma Windows ta ƙi tashi, wanda kan biyo bayan ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabunta manhaja. A nemi filashin da bai gaza GB 8 ba, a mayar da shi filashin ɗora Windows a wata kwamfutar ta hanyar amfani da manhajar Media Creation Tool ta Microsoft, tare da sanin cewa duk abin da ke kan filashin zai goge. A tashi daga gare shi, a kauce wa "Install now", a zaɓi "Repair your computer" (ko "Repair my PC" a sabuwar Windows 11), sai "Troubleshoot", sannan "Startup Repair". Idan wannan ma ya gagara, a ciro faifan a sa shi a gidan faifai mai USB, a kwashe bayanan zuwa wata kwamfutar, a buɗe wasu daga cikinsu a ga suna aiki, sannan a sake ɗora Windows.