Cutar Ɗa'un: Abin da ke Kawo Ta, Alamominta da Yadda Take Yaɗuwa

Cutar ɗa'un, wadda wasu ke kira annobar ɓera, tana cikin cututtukan da suka fi hallaka mutane a tarihi. Ta auka wa ƙasar Sham a zamanin halifancin Sayyidina Umar, a wajajen shekara ta 639, inda ta yi sanadin rasuwar Abu Ubaida ɗan Jarrah da Mu'azu ɗan Jabal. Tsakanin 1347 da 1351 ta ratsa nahiyar Turai ta kashe miliyoyin mutane, har aka yi mata laƙabi da Baƙar Mutuwa. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun farko shi ne cewa cutar tana nan har yau, tana kisa cikin 'yan kwanaki, amma kuma tana da magani idan an garzaya asibiti da wuri.

Abin da ke kawo cutar

Wata ƙwayar bakteriya ce mai suna Yersinia pestis take haddasa ta, kuma ido ba ya iya ganinta sai da madubin likita. Wani likita mai suna Alexandre Yersin ne ya gano ta a Hong Kong a 1894, lokacin da annobar take cin birnin. Asalin mazaunin wannan ƙwayar cuta shi ne jinin ɓeraye da danginsu na daji, irin su kurege, kuma tana iya daɗewa tana zagayawa a tsakaninsu ba tare da mutane sun san da ita ba.

Ƙuma ce take ɗauko ta daga dabba ta kai wa mutum, kuma a 1898 wani likita Bafaranshe, Paul-Louis Simond, ya tabbatar da haka. Yana da kyau a fahimci yadda abin yake faruwa, domin a nan ne dabarar kariya take. Idan ƙuma ta sha jinin ɓera mai cutar, ƙwayoyin sukan hayayyafa a cikinta har su dunƙule su toshe mata hanyar abinci. Daga nan duk jinin da ta tsotsa ba ya wucewa cikinta, sai yunwa ta addabe ta, ta riƙa cizo babu ƙaƙƙautawa, kuma a kowane cizo tana mayar da jinin haɗe da ƙwayoyin cutar cikin jikin wanda ta ciza. Muddin ɓeran yana raye, ƙumar takan zauna a jikinsa. Amma da zarar cutar ta kashe shi, jikinsa ya yi sanyi, sai ta bar shi ta nemi wani jiki mai ɗumi, ko na kyanwa, ko na kare, ko na mutum. Saboda haka, idan aka ga ɓeraye suna mutuwa da yawa a wuri guda ba tare da an sa musu guba ba, wannan gargaɗi ne babba wanda bai kamata a yi wasa da shi ba.

Alamomin cutar

Alamomi sukan bayyana tsakanin kwana 1 zuwa 7 bayan ƙwayar ta shiga jiki. Sukan fara farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, rawar sanyi, ciwon kai, ciwon jiki, kasala mai tsanani, wani lokaci da tashin zuciya da amai. Waɗannan alamomi sun yi kama da na cututtuka da dama, shi ya sa mutane kan yi jinkiri suna shan maganin zazzaɓi har lokaci ya ƙure. Abin da ke bambanta ɗa'un shi ne abin da ke biyo baya, kuma wannan ya danganta da sashen jikin da ƙwayar ta mamaye.

Nau'in da ya fi yawa shi ne mai kaluluwa. Ƙwayar takan bi ta wurin cizon ta tare a kaluluwar da ta fi kusa, sai wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya yi ciwon da marar lafiya ba ya yarda a taɓa. Tun da ƙuma ta fi cizon ƙafa, kumburin ya fi fitowa a gindin cinya, amma yakan fito a hammata ko a wuya. Yana iya kai girman ƙwan kaza, kuma idan ya daɗe yakan fashe ya riƙa fitar da mugunya. Idan ba a yi magani ba, wannan nau'i yana kashe mutum 30 zuwa 60 cikin kowane 100 da suka kamu.

Idan ƙwayar ta bazu cikin jini, marar lafiya yakan galabaita ƙwarai, ya yi ciwon ciki, jini ya riƙa taruwa a ƙarƙashin fata, yatsun hannu da na ƙafa da kan hanci su yi baƙi saboda naman wurin ya mutu. Wannan yana iya faruwa ko da kaluluwa ba ta fito ba.

Mafi haɗari shi ne nau'in huhu. Yakan zo ne idan ƙwayar ta isa huhu daga jini, ko kuma idan mutum ya shaƙe ta daga tarin wani. Alamominsa su ne tari, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, da kaki mai ruwa-ruwa wanda sau da yawa yake haɗe da jini. Yana iya bayyana cikin awa 24 kacal, kuma wanda bai sami magani ba kusan babu makawa sai ya mutu. Amma idan an fara magani cikin awa 24 da bayyanar alamomi, akasarin marasa lafiya suna warkewa.

Yadda take yaɗuwa

Cizon ƙuma shi ne babbar hanya, kuma nau'in kaluluwa ba kasafai yake tsallakawa daga mutum zuwa mutum ba. Nau'in huhu kuwa ba ya bukatar ƙuma ko ɓera, domin feshin tarin marar lafiya ya isa ya harbi wanda ke kusa da shi da kamar mita 2, kuma ta haka ne cutar kan cinye gida guda cikin mako ɗaya. Akwai kuma hanyar taɓa jini ko naman dabba mai cutar, kamar wajen feɗe abin da aka farauto, ko cin naman da bai dahu ba. Kyanwa mai cutar tana iya harbin mai ita. Gawar wanda cutar ta kashe ita ma tana ɗauke da ƙwayoyin, don haka wanka da suturta ta aiki ne da ya kamata a yi tare da jami'an lafiya.

A yau ƙasashen da cutar ta fi addaba su ne Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, Madagaska da Peru. A Madagaska ana samunta kusan kowace shekara tsakanin watan Satumba da Afrilu, kuma a 2017 cutar, akasari nau'in huhu, ta shiga manyan biranen ƙasar, ta kama mutum fiye da 2,000, ta kashe fiye da 200. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 3,248 da suka kamu a duniya daga 2010 zuwa 2015, kuma 584 daga cikinsu sun mutu. Ko a yammacin Amurka ana samun 'yan tsirarun masu kamuwa a kowace shekara.

Abin da ya kamata a yi

Kuskure mafi muni a lokacin ɓarkewar cutar shi ne a fara da kashe ɓeraye, domin kowane ɓeran da ya mutu yana sakin ƙumarsa ta koma kan mutane. Ƙa'idar ita ce a fara fesa maganin ƙuma, sannan a juya kan ɓeraye. Kada a ɗauki mataccen ɓera da hannu, kada kuma a bar yara su yi wasa da shi. A rufe hatsi da ragowar abinci, a kawar da shara daga kusa da ɗakin kwana, a toshe ramuka.

Duk wanda zazzaɓi ya kama farat ɗaya tare da kaluluwa mai zafi, ko tari mai jini, a wurin da ake zargin cutar, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya matse kumburin ko tsaga shi. Magungunan kashe bakteriya irin su jentamisin da doksisaikilin suna warkar da ita, amma likita ne zai zaɓi wanda ya dace da adadinsa. Mai nau'in huhu ana keɓe shi, masu jinyarsa su sa takunkumin hanci da baki, kuma waɗanda suka kusance shi ana ba su maganin riga-kafi na kwana 7 ana lura da zafin jikinsu.