Wasiƙar zagaye: kurakuran da ke kashe ta a hanya

Mu shida ne muka fara, 'yan ɗaki ɗaya da ɗiyan kawunmu biyu. Ni a Maradi, yayata a Yamai, ƙanena a Agadas, sauran a Tasawa, Damagaram da Katsina. Dokar ba ta da wuya: ambulan guda ke yawo, kowa ya karanta abin da ke ciki, ya cire tsohuwar takardarsa, ya sa sabuwa, ya miƙa wa na gaba. Sau biyu wasiƙar tana mutuwa kafin mu gane inda muke kuskure.

Babban abin da ke kashe ta shi ne riƙo. Ba rashin so ke kawo shi ba, son a yi abin kirki ne. Mutum ya karanta takardun 'yan uwa, zuciyarsa ta cika, sai ya ce ba zai rubuta da gaggawa ba, sai ya samu natsuwa. Natsuwar kuwa ba ta zuwa. Ni kaina na taɓa ajiye ambulan ƙarƙashin katifa tun daga shukar gero har aka fara cin tumu, kullum ina cewa gobe. Da kwanaki suka yi yawa sai kunya ta shigo, kunyar kuma ta ƙara hana ni rubutu. Maganin da muka samu shi ne wa'adi: kwana 7. In ranar ta cika ba ka rubuta ba, sa layi biyu, ka ce lafiya lau kake, ka sake ta. A bayan ambulan muna manna takarda, kowa ya rubuta ranar da ta iso da ranar da ta tashi. Tun da muka fara haka ba a sake yi wa kowa tuni ba.

Yawan mutane ma matsala ne. In kuka kai 12, kowa da makonsa ga kwanakin hanya, labarin damina zai iso ana cikin hunturu. Biyar zuwa bakwai sun isa. In dangi na da yawa, a yi zagaye biyu.

Sai kuskuren da ya fi yi mini ciwo: cika shafi da gaisuwa. Ina gajiya, ina iyali, ina mutan gida, bayan haka babu komai sai alheri. Gaisuwa ladabi ce, ba na cewa a bar ta, amma ita ce muke yi kullum a waya. Wanda ke Agadas ba ya neman a ce masa Maradi lafiya. Yana son ya ji cewa bana gulbi ya kawo ruwa har ya hau gonakin fadama, cewa tiyar gero ta sauko a kasuwa, cewa bedin ƙofar gida da Baba ya dasa an sassabe shi saboda wayar lantarki. Takardar da muka fi maimaita karantawa ita ce wadda yayata ta kwatanta yadda ta gwada dama fura irin ta Inna a Yamai, nonon bai yi tsami yadda take so ba, ta zauna da ludayi a hannu tana tuna tsakar gidanmu na Bagalam. Abu ɗaya ta faɗa, amma ta faɗe shi har muka gan shi.

Akwai kuma masu ɗaukar hoton takarda su tura a WhatsApp, wai don kada a jira. To jiran shi ne amfanin abin. Kuma mutum yakan rubuta wa mutum biyar abin da ba zai so ya shiga zauren mutum ɗari ba. Waya ta tsaya kan saƙo guda: ta iso, ko ta tashi.

Kada a bar tsofaffi a baya don ba su yi lakwal ba. Gwaggonmu da ajami take rubutu, wanda bai iya ba ya nemi mai karanta masa. Inna kuwa jikanta ke zama kusa da tabarmarta da kaye da biro, tana faɗa yana rubutawa, mun kuma hana shi gyara mata magana. Haka iyayenmu suka riƙa yi da masu zuwa cin rani, kafin kaset ya zo a riƙa ɗaukar murya.

Batun kuɗi da rabon gado a bar su wajen ambulan. Kalma mai zafi in ta shiga, wata biyu za ta yi tana zagaye kafin mai ita ya samu damar janye ta.

Hanya ma a yi mata tanadi. Ko gidan waya ne ko direban tasha da aka sani, a rubuta lambar wayar mai karɓa a baya, a sa ambulan cikin leda saboda ruwa da ƙura. Lokacin da aka rufe iyaka da Najeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023, tamu ta maƙale a Katsina, duk da kusancinta da mu ta Ɗan Isa da Jibiya. Ba mu da kwafi, sai muka buɗe sabuwa daga Tasawa. Yanzu kowa na ajiye tsoffin takardunsa da ya cire, nawa suna cikin kwallar Inna, ta ranar farko a ƙasa.