Yadda nake gwada na'urorin sanyaya katin girafik a zafin Kazaure

A wani ƙauye kusa da Kazaure nake haɗa bidiyon biki, kuma katin girafik (wanda ke sarrafa hoto da bidiyo) da ke cikin kwamfutata RX 580 ne, mai shan wuta har wat 185. Da fankarsa ta fara kuka kamar injin niƙa a bazara, sai maigidana na Kano ya ara mini na'urorin sanyaya kati guda biyu in gwada kafin in biya: Arctic Accelero Xtreme IV mai fanka uku, da Raijintek Morpheus II, wanda ba ya zuwa da fanka, kai za ka ɗaura masa biyu masu milimita 120.

Tun kafin ka kwance sukurori, duba ko ramukan katinka sun dace da na'urar, da kuma ko akwatin kwamfutar zai ɗauki tsayinta da kaurinta.

Abin da ya fi muhimmanci a wurinmu shi ne zafin ɗaki. Wanda ya gwada ɗaya bayan sallar asuba, ɗayar kuma da azahar lokacin da kwanon rufi ya ɗauki wuta, rana ya auna, ba na'ura ba. Ka ajiye ma'aunin zafi daidai inda akwatin ke shaƙar iska, sannan ka riƙa cire zafin ɗaki daga na katin. Misali, in kati ya nuna digiri 78 ɗaki yana 40, tazarar 38 ce. In ɗayar ta nuna 70 amma ɗaki yana 28, tazararta 42, ke nan ita ce ta gaza duk da ƙaramar lambarta. Wannan tazarar nake rubutawa a littafin da nake rubuta bashin masu biki.

Man da ake shafa wa cif ɗin, wato ƙwaƙwalwar katin, don ya miƙa zafinsa ga na'urar sanyaya, ya zama iri ɗaya, ni MX-4 nake sawa. Goge tsohon da sifirit, ka shafa sabon siriri ya rufe fuskar cif ɗin kakaf, don shi ba shi da murfi irin na furosesa, babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta. Rufe akwatin yadda kake aiki da shi kullum, kunna FurMark, manhajar da ke ɗora wa kati aiki mai nauyi, ka bar shi wajen rabin awa har lambar zafin ta daina hawa a GPU-Z, manhajar da ke nuna zafin katin. Gudun fanka kuwa ka tsayar da shi wuri ɗaya a duka gwaje-gwajen.

Ƙara ba ta aunuwa in janareta na aiki. Ni da dare nake yi a kan batirin sola, in ajiye waya mai manhajar auna ƙara kamu ɗaya daga akwatin.

Kar lambar zafin cif ta ɗauke maka hankali daga memori (ma'ajiyar bayanan katin) da sashen da ke daidaita wutar katin. Su ma suna gasuwa, kuma in ba ka manna musu ƙananan ƙarafan shan zafi ko abin da aka tanadar musu ba, cif na cikin sanyi kati zai lalace. Manhajar HWiNFO na nuna zafin wurin a wasu katunan.

Na'urorin nan suna da nauyi, don haka na yanki ɗan katako na tokare bakin katin kada ya lanƙwashe. In hunturu ya wuce zan sake gwajin kafin in hure ƙurar da ta toshe tsakanin ƙarafan, sannan in maimaita bayan na hure.