Kwaɗo da abin da lokaci ya kawo

Ba na barin gida da sunan ganye a bakina. Abin da na tarar ya cika gaban masu kayan gwari, har mai shi yana ƙara miki gyara ba ki roƙa ba, shi za mu ci a makon nan. Ganye ba ya araha sai lokacinsa ya yi, kuma a lokacin ne ya fi daɗi, domin jiya-jiya aka yanko shi daga gona. Hanya mafi sauƙi da na sani ta cin irin wannan ganye ita ce kwaɗo. Babu doguwar suya, babu kai markaɗe, gawayin da za ki ƙona ma bai taka kara ya karya ba.

Kafin ganye dai a fara da ƙuli-ƙuli, don shi ke gyara kwaɗo, shi ke ɓata shi. Kada ki sayi garin ƙulin da aka ƙulla a leda in ba kin san hannun da ya daka ba. A nan kam araha ba ta ado. Sayi ƙulin kansa, mai gishiri, ba mai sukari ba, ki karya ɗaya ki ɗanɗana a gaban mai tallar. In kika ji ɗaci ko warin tsohon mai, ajiye mata kayanta. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai cutar hanta, kuma suya ba ta kashe wannan gubar. In kin kawo gida, ki daka a turmi da busasshen barkono, 'yar citta da masoro. Ni ba na tankaɗe shi, don ina son a riƙa cin karo da ɗan tsakinsa a baki. Zuba a kwalba mai murfi, ki hana kowa sa jiƙaƙƙen cokali a ciki, zai yi miki makonni.

Da ruwa ya zauna, daga Yuni har Satumba, zogale ke cika gari. Ɗauki ɗaurin da yake kore shar, ba wanda ya fara rawaya yana kakkaɓewa ba. Wahalarsa ɗaya ce, zagewa da tsince tsinkayen, kuma wannan aikin yara ne: shimfiɗa musu tabarma, ba kowa faranti. Wajen wanki ki cika babbar roba da ruwa, ki zuba ganyen ki juya da hannu, ki bar shi ya ɗan natsa. Sannan ki tsamo ganyen daga sama zuwa wata robar. Kada ki tsiyaye ruwan ta kan ganyen, don yashin da ya kwanta a ƙasa zai sake komawa cikinsa. Yi haka sau biyu ko uku, har sai kin shafa gindin robar ba ki ji ƙasa ba.

Bari ruwa ya tafasa tukuna, da ɗan gishiri, kafin ki zuba. Ɗanyen zogale mai taushi minti 15 zuwa 20 ya ishe shi. Ɗebo kaɗan ki murza tsakanin yatsu. In ya murzu ba gardama, sauke. A kan kanwa kuwa kowa da kiwon da ya karɓe shi. Tana sa ganye saurin nuna, gaskiya ne, amma tana lalata wasu sinadaran gina jiki da ke cikinsa, kuma in ta ɗan yi yawa sai zogalen ya yi santsi. Ni sabon ganye ba na sa masa.

Yanzu ga inda kwaɗon mutane da yawa ke lalacewa, wato matsewa. Juye a kwando ya huce yadda hannu zai iya taɓawa, ki ɗebo cikin tafi, ki dunƙule, ki matse da hannu biyu har ruwa ya daina ɗiga ta tsakanin yatsunki. Curin da ya matsu sosai za ki ga shatin yatsunki a jikinsa, in kika ajiye a faranti kuma ba ya barin ruwa a ƙarƙashinsa. Wanda bai matsu ba, da kin zuba ƙuli sai ya caɓe, ɗacin ruwan dahuwar kuma ya bi ko'ina.

Na mutum huɗu, curi huɗu manya, garin ƙuli gwangwanin madara ɗaya, albasa ɗaya, attaruhu ɗaya ko biyu, man gyaɗa cokali uku, gishiri da magi daidai bakinki. Soya man da ɗan yankan albasa har ya yi ƙamshi, ki bar shi ya huce. Warware zogalen a kwano mai faɗi. Rabin ƙulin ki dama da ruwan ɗumi kaɗan ya yi kauri kamar kunun gyaɗa, ki zuba ki cakuɗa da hannu don ya shiga kowane ganye. Sauran rabin a bushe za ki barbaɗa daga baya. Sai albasa, attaruhu, mai, a ƙarshe ki matsa rabin lemon tsami. Man da lemon ba don daɗi kaɗai ba ne. Mai yana taimaka wa jiki ɗaukar bitamin A daga ganye, lemon tsami kuma yana taimakawa wajen ɗaukar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Shayi akasin haka yake yi, don haka a ɗan jinkirta shi bayan an ci.

Za ki ga ban ambaci tumatir ba. Da damina tsada yake, ga ruwa, ga saurin ruɓewa, to me zai sa in bi shi? Gurji ko yalo in kika yanka ƙanana sun toshe gurbinsa.

Rama hanyarta ɗaya da zogale, illa tsaminta. Ki zubar da ruwan dahuwar fari, ki ɗanɗana, in har yanzu tana kama haƙori ki sake tafasawa a sabon ruwa. Ita ba ta son lemo, ƙuli take sha da yawa, wasu kuma suna ɗan barbaɗa sukari don ya kashe kaifin tsamin. Ganyen tafasa kuma sai a farkon damina, kan ganyen kawai ake tsinka, don da ta girma ta yi gauri. Yaɗiya tana da ɗaci, kuma ita ce kaɗai nake yarda in jefa wa 'yar kanwa.

Da kaka ba sai an koya wa kowa abin taɓawa ba. Sabuwar gyaɗa a dafa da ɓawonta a ruwan gishiri, gurjiya ma haka, sai dai ta fi daɗewa a wuta. Ga masara gasasshiya, ga dankalin Hausa, ga kabewa da za ki yanka manya ki turara, ki ci da ƙuli da ɗan mai. Yaran da suka dawo daga Islamiyya suka tarar da wannan ba za su tambayi kuɗin biskit ba. Rogo kaɗai zan ja kunne a kansa: a sayi na ci, a ɓare, a dafa shi ya nuna lugub, a zubar da ruwan. Mai ɗaci ba na dafawa ba ne, gubarsa tana iya kisa. In dare ya yi kuma ana son abu mai ɗumi, tsakin masara da yakuwa da alayyafo da dakakkiyar gyaɗa sun isa fate, wanda Zazzagawa suka fi kowa iyawa.

Lokacin da na fi so shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Kayan noman rani daga Kadawa da Kura, inda ruwan madatsar Tiga da aka gama a 1974 ke shayar da gonaki, suna sauka a Kano, kasuwar 'Yankaba ta cika maƙil. Latas, kabeji, karas, kokwamba, koren tattasai, albasa mai lawashi, lansir, ga tumatir jajir mai tsoka a farashin da ba ya sa ciwon kai. Wannan kwaɗon ɗanye ake ci, saboda haka wankin ya fi haɗin muhimmanci. Wasu lambunan cikin gari, irin na bakin Jakara, da ruwan da ya kwaso dattin unguwanni ake ba su ruwa, kuma ba za ki gane a ido ba. Ɓare latas ganye-ganye, ki wanke kowanne da ruwa mai tsabta irin wanda za ki iya sha, ki jiƙa minti 10 a ruwan da kika sa wa khal, ki ɗauraye. Gishiri yana fito da tsutsa da ƙananan ƙwari, amma kada ki ɗauka ya kashe ƙwayoyin cuta. Kabeji ki cire ganyen waje, karas ki kankare. Bar su a kwando su tsane sarai kafin wuƙa ta taɓa su.

A nan ƙuli a bushe ake sa shi, kuma sai an zauna ci. In kika sa gishiri da wuri, latas zai yi laushi, kokwamba ta saki ruwa. Lansir yana da ɗan yaji nasa na kansa, sai ki rage attaruhu. Ba ni da faɗa da masu lafta bama, amma ƙuli da mai da lemon tsami sun fi barin mutum ya ji ɗanɗanon ganyen. Ƙara dafaffen wake, ko ƙwai, ko awara, a ɗauko gurasa, abincin rana ya kammala.

Bazara ce mai wuyar sha'ani. Daga Maris zafi ya sauko, ganye ya ja baya, sai mangwaro da kankana. A nan busasshen zogale ke rana, ko wanda kika shanya da kanki a inuwa tun damina, ko na kasuwa, wanda yankin Maraɗi ya yi suna wajen nomansa. Jiƙa shi tukuna, ki tsince, ki ba shi wuta fiye da ɗanye. Ya fi dacewa da dambu. Wanke tsakin masara gwangwani uku, ki tsane, ki turara a madambaci kamar minti 20. Sauke, yayyafa ruwa, ki warware da hannu, ki zuba zogale, albasa da yawa, attaruhu, dakakkiyar gyaɗa da gishiri, ki mayar ya ƙara minti 20 ko har tsakin ya yi laushi. In babu madambaci, ɗora kwandon ƙarfe a bakin tukunya, ki naɗe mahaɗar da tsumma mai tsabta don kada tururi ya gudu. Ki bar dabarar nan ta turarawa a buhun leda, zafi da leda ba sa haɗuwa da abinci.

Da zafin nan kada ki kwaɗa fiye da abin da za a cinye a zama ɗaya, don wanda aka haɗa da rana kafin magariba ya fara tsami. In kina da firij kuma wuta na samuwa, ajiye curin zogalen daban, ƙulin daban, kwana biyu ba abin da zai same su, sai ki yanka sabuwar albasa duk lokacin da za a ci.